Kwaɗo da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Mutumin namu Kwaɗo ake ce masa, ba don yana tsalle ko yana kwana a tabki ba, sai don sana'arsa: yankan makulli da gyaran kwaɗon ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a wani ɗan shago da ko akuya ta shiga sai dai ta fito da baya, mai aski a damansa, mai gyaran waya a hagunsa. Makullai sun fi dubu a rataye a bango, ga inji mai ƙara kamar ana yanka jaki, wanda ya riga ya cinye masa rabin kunne, shi kuwa ya rantse kunnensa lafiya lau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Duk dangi an san shi da zurfin ciki. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya ce, "Me za ka yi da shi?" Matarsa ta ce sai da ta haifi 'ya'ya biyu kafin ta san lambar takalminsa. Tun yana yaro haka yake. An taɓa ba shi ajiyar ƙwai ɗaya, ya ɓoye shi ɓoyon da har yau ba a gano ba, wasu ma na cewa ya ƙyanƙyashe ya yi jikoki a inda yake.

Amma fa wannan halin shi ne jarinsa. Mutum zai miƙa maka makullin gidansa ya juya baya, ai sai wanda aka yarda da shi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa cewa an buɗe ƙofar wani da makullin da ya fito daga hannun Kwaɗo ba. Ba shi da mota, ba shi da bene, sunan nan kaɗai gare shi, kuma yana lallaɓa shi kamar ƙwan da na gaya muku.

A bakin shagon akwai wani babban kwaɗo da ya tsaga biyu da zarto ya rataye a ƙusa, cikinsa a fili, ana ganin 'yan ƙusoshin da wayoyin da ke danna su. Duk mai saye sai ya sha wa'azi a kansa. "Duba nan. Ni ba na sayar da abin da ban ga hanjinsa ba. Kwaɗon da maƙerinsa ya liƙe shi ya ce kada a leƙa, akwai lauje cikin naɗi."

Yana kuma da wata baiwa da yake alfahari da ita a ɓoye: in ka turo masa hoton makulli, ya ƙura wa haƙoran ido, ya ɗauki magagari, zai fitar maka da ɗan'uwansa sak. Shi ya sa hoton makulli a wurinsa ba hoto ba ne, makulli ne. Ba ya yi wa kowa wannan aikin sai wanda ya san shi ya san ƙofarsa.

To, ga yadda waya ta shigo maganar. Wata rana ya yi wa mai aski ƙorafin ciwon baya, da ya duba wayarsa sai ga tallar man shafawa na ciwon baya. Kwana uku wayar tana cikin aljihun tebur, ya naɗe ta da tsumma kamar mai cizo. Da babbar 'yarsa, wadda ke aikin kwamfuta a wani kamfani a can cikin gari, ta zo gida, sai ta sa masa wata sabuwar manhajar aika saƙo, ta ce wannan ba ta sauraren kowa. Ta bi 'yan tsofaffin da suke hulɗa da shi duk ta sa musu. Hankalin Kwaɗo ya kwanta, har ƙiba ya fara yi a wuya.

Ranar da nake son ba ku labari, da hantsi, saƙo ya shigo daga Gwaggo Ungozoma. Wannan tsohuwar ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu lokacin tana aiki, yanzu ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai da kyanwarta. Ta turo hoton makulli a tafin hannunta, sannan ta biyo shi da murya mai tsawon huɗuba. An kwantar da ita a asibiti za a yi mata aikin gwiwa, kwana huɗu za ta yi. Ta kulle gida da sassafe ta manta kyanwa a ciki, makullin kuwa ɗaya ne, yana wuyanta. Ya yanka wani ya kai wa Malama, maƙwabciyarta mai koyarwa a firamare. Gida na uku bayan famfo, mai shuɗiyar ƙofa, kada ya ce ya manta. Abincin kyanwar yana saman firji, kusa da gwangwanin da take ajiye 'yan kunnenta na gwal, kada Malama ta ruɗe ta buɗe wancan.

Kwaɗo ya saurara, ya sake saurara, ya ƙara na uku don ya tabbatar da batun famfon. Ya ɗauki magagari. Kafin shayinsa ya huce makulli ya fito yana ƙyalli.

Sai wayar ta ce caji ya ƙare. Ya miƙa wa mai gyaran waya ta saman katangar katako.

Mai gyaran waya ya jona ta, ya leƙa, ya ce, "A'a, Baba Kwaɗo, an waye. Wa ya sa maka wannan? Ai wannan buɗaɗɗiya ce."

"Buɗaɗɗiya kamar yaya?"

"Cikinta a buɗe yake. Ko wane ne, a ko'ina yake a duniya, zai iya shiga ya duba abin da ke cikinta, ya kwafa ma in yana so. Ba a ɓoye komai."

Yana gama faɗin haka wata mata ta miƙo masa wayar da ta faɗa a ruwan wanki, ya juya ya shiga aikinsa, bai san ya kunna wuta a gemun maƙwabci ba.

Kwaɗo ya tsaya da magagari a hannu. Ko wane ne. A ko'ina yake. Ya kwafa in yana so. Hoton makulli, ga kwatancen gida har da famfo, ga kwana huɗu ba kowa, ga gwangwani a saman firji. Abin da ya rage kawai Gwaggo ta haɗa wa ɓarawo da kuɗin mota.

Ya leƙa wurin mai aski, murya ƙasa-ƙasa a ganinsa. "Kai, wai in manhaja buɗaɗɗiya ce, me ke nan?"

Mai aski, wanda bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka yaye shi, ya ɗaga reza daga ƙeyar wani mai tumbi ya ce, "Yo buɗaɗɗe ai buɗaɗɗe ne, sai an fassara maka? Ni dai ban damu ba. Wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye? Su karanta nawa, za su ga gaisuwa ce da hotunan aski."

Mai tumbin ya ce, kumfa a haɓarsa, "To ba ni wayarka in karanta."

"Kai kuma a wa?"

"Ka gani? Ashe kana da abin ɓoyewa."

Wani direba da ke jiran layi ya ce, "Duk ɗaya suke. Abin da aka ba ka kyauta, ka duba da kyau, kai ne kayan da aka kasa a faifai. Ni surukata ma tana da manhaja uku, kuma duk sirrin da ya shiga cikinsu da bakinta yake fita."

Aka yi dariya. Kwaɗo bai yi ba. Ya fizge wayar daga caji, ya goge hoton, ya goge muryar, garin sauri har ya kusa goge lambar matarsa. Mai aski ya hango shi ya ce, "Gogewa kuma? Ruwan da ya zube a yashi kake kwashewa da cokali."

Ya kira 'yarsa. Ba ta ɗauka ba. Ya sake kira. Sau goma sha ɗaya, in ka ji ta bakinsa, sau arba'in in ka ji ta bakinta. Sai ga ɗan rubutu: tana cikin taro, za ta kira.

Abin da unguwa ba ta taɓa gani ba ta gani a ranar: Kwaɗo ya rufe shago kafin azahar. Ya zaɓi kwaɗo mafi nauyi a cikin kayansa, irin wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an kai shi ɗori, ya jefa a jaka, ya kama hanya. Yana tafe yana lissafin masu iya yanka makulli daga hoto. Da yana cewa shi kaɗai ne a garin, yana jin daɗi. Yanzu sai ya ga kowane mai tafiya a titi da magagari a aljihu.

Gida na uku bayan famfo. Shuɗiyar ƙofa. Kwaɗon Gwaggo yana nan a rataye, ba wanda ya taɓa. Ya yi ajiyar zuciya, ya taɓa shi, ya ja, ya sunkuya ya shinshina kamar mai neman sawun ɓarawo da hanci. Ya ƙwanƙwasa gidan Malama, shiru, tana makaranta sai ƙarfe biyu.

Daga ciki kyanwa ta ji motsi ta fara kuka.

Nan fa ido ya raina fata. Makulli yana aljihunsa, amma a shekara talatin da ɗaya bai taɓa shiga gidan da mai shi ba ya nan ba tare da shaida ba. In ya shiga shi kaɗai, gobe aka ce ɗan kunne ɗaya ya ɓace, wa za a nuna? Ya fito da babban kwaɗon zai ƙara a kan na Gwaggo, sai ya tsaya. Ƙara kwaɗo a ƙofar tsohuwa tana kwance a asibiti, ba da izininta ba, wannan ai aikin mai ƙwace gida ne. In kuma ya tafi ya bar ƙofar, duniya duka tana da makullinta. Gaba kura, baya sayaki. Ya mayar da kwaɗon jaka, ya samu wani bulo ya zauna a kai, ya jingina bayan nan mai ciwo da ƙofar, ya zama kwaɗo na biyu da kansa.

Rana ta take. Mai karanta mitar wuta ya zo wucewa da ɗan littafinsa, ya ɗan dubi lambar gidan. Kwaɗo ya miƙe.

"Malam, lafiya kake kallon ƙofar nan?"

"Mita nake dubawa, Baba."

"Mitar a ƙofa take?"

Mutumin ya tsallake gidan bai karanta ba, yana waige. Wata mai tallan bokitai ta tsaya shan ruwa a famfo, Kwaɗo ya ƙirga ta cikin 'yan leƙen asiri. Wani ya wuce yana danna waya yana murmushi, Kwaɗo ya tabbata hoton makullin yake kallo. Har ya fara tsara yadda za a yi: za a fasa gidan, za a ce ba a ɓalle kwaɗo ba, da makulli aka buɗe, za a ce wa ke yanka makulli daga hoto, sai unguwa duka ta juyo ta dube shi. Ya ga shagonsa a rufe, ya ga mai aski yana ba da labarinsa da ƙari, ya ga Gwaggo ta dawo da sanda tana duban saman firji. Wannan na ƙarshen shi ya fi damunsa. Kyanwa kuwa tana ta kuka ta ƙasan ƙofa, yana ce mata, "Yi haƙuri, 'yar nan, ni ma a kulle nake."

Wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara, 'yarsa ce.

"Baba, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ke kika kashe ni. Kin sa min abu buɗaɗɗe, kin ce min rufaffe ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Mai gyaran waya. Ya ce kowa a duniya zai iya shiga ya ga cikinta."

Ya ji tana ƙoƙarin haɗiye dariya, abin da ya ƙara ƙona masa rai.

"Baba, gaskiya ya faɗa, amma ba cikin saƙonka ba. Yadda aka ƙera ta ne a buɗe. Masu ƙirar sun baje aikinsu a fili, duk wanda ya iya ya zo ya duba ko akwai ha'inci ko rami."

"To ai shi ke nan. In ɓarawo ya ga yadda aka ƙera ta, ya gama da ni."

"Baba, mene ne a rataye a ƙusa a bakin shagonka?"

"Kwaɗo."

"Wane iri?"

"Wanda na tsaga."

"Shekara nawa ɓarayin gari suna wucewa suna kallon hanjinsa?"

Kafin ya gama ƙirgawa, ta ƙara masa wata.

"Akwai wanda ya kalle shi ya je ya buɗe gidan wani?"

"Ina fa. Sanin ciki daban, makulli daban. Kowane kwaɗo da nasa haƙoran." Ya faɗi haka da muryar wa'azinsa, sai kuma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"To makullin saƙonku yana wayarka da wayar Gwaggo. Masu manhajar ma ba su da shi. Wadda ya kamata ka ji tsoro ita ce wadda aka liƙe aka ce kada a leƙa. Wa ya koya min haka?"

Kwaɗo ya koma kan bulo a hankali. Iska ta shiga ƙirjinsa karo na farko tun hantsi. Har ya fara jin yunwa. Ya ce, "Yo shi mai gyaran wayar da ya ce tsagaggiya ce, ai da na gane. Buɗaɗɗiya kuma, kamar ƙofar masai."

"Ka dai sa wa wayar lambar sirri kamar yadda na ce?"

"Layin ba kyau," in ji shi, ya kashe.

Yana cikin wannan daɗin sai ga Malama ta kunno kai da jakar littattafai, alli a hannun rigarta. Tun daga nesa ta ce, "Sannu Baba mai makulli, ka daɗe? Ka kawo na Gwaggo ko? Kwana huɗu aka ce za ta yi. Abincin kyanwar yana saman firji, kusa da gwangwanin gwal, ba zan taɓa ba."

Kwaɗo ya miƙe tsaye ba tare da ya tuna da ciwon baya ba. "Gwaggo ta kira ki?"

"A'a, ai ba ta da lambata. Maigidana ne ya kira ni lokacin hutun tara. Yana wurin aski ya ji."

"Ya ji a bakin wa?"

"A wayarka mana. Ya ce sau uku ka kunna, da lasifika, har mai aski ya kashe rediyo don ba a jin labarai. Ya ce suna da yawa a wurin, har wani direba yana cewa shi ma ya san famfon."

Ashe mai tumbin nan ne maigidan nata. Mai kumfa a haɓa. Kwaɗo ya tuna shi, ya tuna direban, ya tuna wasu mutum uku a kan benci da bai ko san fuskarsu ba. Ya tuna kuma ya miƙa wayar ta saman katanga, ba lamba ba komai, hoton makullin a buɗe a fuskarta, ta yi minti goma a teburin da kowa ke jingina. Tsoron ɗazu ya dawo, wannan karon da 'yan'uwansa. Ashe duk wunin nan yana gadin ƙofa yana hararar mutanen ƙetare, ɓarakar tana rataye a gefen kansa, wato kunnensa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Suka buɗe tare, shi yana tsaye a bakin ƙofa hannuwansa a sama inda Malama za ta gan su. Aka ba kyanwa abinci. Ya roƙi Malama ta zauna a ƙofar da kujera har ya dawo, ya tari mota zuwa asibiti, babban kwaɗon yana dukan cinyarsa a jaka.

Ya samu Gwaggo a gado na biyar, an rataya mata ƙarin ruwa, makullin yana wuyanta a zare. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gwiwa ta dama, ya tambayi ta hagu, ya tambayi likita. Ta ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka. Fuskar nan na san ta, ita ka yi a barandar ɗakin haihuwa sau huɗu."

Ya faɗa mata duka. Bai rage lasifika ba, bai rage benci ba. Wannan shi ne zance mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa, matar gado na shida ma sai da ta tashi zaune.

Yana durƙushe yana jiran Gwaggo ta ce ya ajiye makullinta ya fita.

Ta ce, "An shiga gidan?"

"Ba a shiga ba."

"Da ka yi shiru ka canja kwaɗon ka ce tsohon ne ya lalace, da zan sani?"

"Da ba za ki sani ba, Gwaggo."

"To shi ya sa kai nake turo wa." Ta gyara filo. "Je ka sa sabon. Makulli biyu, ɗaya wurin Malama, ɗaya ka kawo min nan da ƙafarka, ba a hoto ba. Gwangwanin kuma maɓallai ne a ciki, gwal ɗin na sayar tun bikin autata, na saba faɗa ne kawai. Amma kada ka gaya wa kowa, ina son a ci gaba da ganin girmana."

"Ba mai ji, Gwaggo."

"Ka dai rage murya. Ɗakin nan duka sun ji."

Kafin la'asar ta yi sanyi sabon kwaɗo yana rataye a shuɗiyar ƙofa. Duk da haka kwana huɗun nan sai da ya riƙa zuwa safe da yamma yana jan sa, yana gaida kyanwa ta ƙasan ƙofa, har Gwaggo ta dawo ta tarar da maɓallanta cif.

Yanzu in ka je shagon za ka gan shi da abin sauraro a toshe a kunne, wayar kuma an sa mata lambar sirri mai tsawon lambar mota biyu. Bai rubuta ta ko'ina ba, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'yar ba. Tsoronsa ɗaya kada ya manta. Shi ya sa duk lokacin da zai buɗe wayar sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya kare ta da tafin hannu, sannan ya riƙa karanta lambar a hankali yana dannawa, a hankali irin na mai rabin kunne.

Jiya ya kakare a ta shida. Mai aski ne ya tuna masa ta bayan katanga.